Jama'ar Jos ku yi hattara da wani mai sayar da fiyano

Wallahi tun ranar Asabar ban yi barcin kirki ba. Naira 185,000, kuɗin kiɗan biki na wata da watanni har da na adashen maiɗakina, na ɗauka da hannuna na tura wa mutumin nan.

Kuma kafin wani ya ce wauta ce, shekara tara ina buga fiyano, ba yau na fara ba. Na gwada ta. A gabansa na gwada, maɓalli 61 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, fari da baƙi, kowanne ya yi ƙara daidai da ɗan'uwansa. Ashe nan ne cutar take. Ya shiga setin ya maida tac ɗin, wato setin da ke sa ƙara ta bi ƙarfin yatsa, kan fikis, kuma in tana fikis ko shafa maɓalli ka yi ko duka ka kai masa ƙara ɗaya za ta fitar. Ya ƙara eko, ya kunna kiɗan da ke cikinta da ƙarfi, ga hayaniyar Terminus da 'yan keke suna ta hon, ta ina zan ji?

A Facebook na ga tallan, wai tokumbo ce ɗan'uwansa ya turo daga Jamus. 200,000 ya fara cewa. Ba shi da shago, wai kayan suna sito a Bukuru, mu haɗu a Terminus a bakin wani shagon caji. Abin da ke ta dawo min a rai shi ne lokacin da na kai hannu kan maɓallin fankishan zan duba setin, sai ya riƙe min hannu yana dariya ya ce “haba babban yaya, na riga na saita maka ita irin ta situdiyo, kar ka rikita”. Na yi dariya nima. Na janye hannu! Ni da kaina. Har ruwa na saya masa.

Au na manta, tun ranar Alhamis na tura masa 20,000 kafin alƙalami don wai akwai wani daga Abuja da ke nema, ragowar 165,000 a wurin na yi tiransifa, alat ya shiga ya ce Allah ya sa albarka.

Da na zo gida na maida tac ɗin midiyom, wato matsakaici, innalillahi. Maɓalli 11 a tsakiya, daidai inda hannun dama yake aiki, ka ɗan taɓa sai su yi ihu kamar ka buga da guduma. Mai gyara a Dilimi ya buɗe ya nuna min. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai roba mai kai biyu, tazarar lokacin da ke tsakanin taɓawar na farko da na biyu da ita fiyano ke gane ƙarfin yatsa, daga 1 zuwa 127. To robar tawa ta cinye, wasu ma an shafa musu fensir an liƙe da gam, allon ƙasan ya yi tsatsa kamar ruwa ya taɓa shiga. Adaftar ma ba tata ba ce. 185,000 fa jama'a.

Na kira shi daren, ya ce ni na ɓata setin. Washegari lamba a kashe, ya yi buloking ɗina a WhatsApp, tallan ma ya goge. Amma sikirinshot na hirarmu da rasit ɗin banki duk suna hannuna, zan ɗora anjima in wuta ta dawo.

In za ku sayi ta hannu, ku maida ita setin kamfani a gaban mai ita, ku cire fikis, ku kashe eko, ku buga a hankali. In ya hana, ku tafi abinku.

Biki gare ni ranar Juma'a a Angwan Rogo, na karɓi rabin kuɗi, kuma har yanzu maiɗakina ba ta sani ba.