Kebul ko na'urar ƙara zangon waifai: wanne ya dace da ɗakin PlayStation?

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko kebul ko na'urar ƙara zangon waifai ya fi dacewa a kai intanet ɗakin da yara ke wasa. Tunda rautarka, wato na'urar da ke raba intanet a gida, tana falo, PlayStation 5 ɗin yaran kuma yana ɗakin da ke can bayan tsakar gida, shawarata ita ce ka ja kebul daga falon zuwa ɗakin, ka bar na'urar ƙara zangon waifai da aka tallata maka. Dukansu biyu na yi amfani da su a gidanmu da ke Gyallesu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce.

Wasan da ake bugawa da wasu ta intanet ba ya cin data mai yawa a lokacin da ake buga shi. Abin da yake buƙata shi ne saƙo ya je ya dawo da sauri, kuma saurin ya zauna daram, kada ya riƙa hawa da sauka. Mu a nan Zariya yawancinmu da rauta mai layin waya muke aiki, manyan kwamfutocin da ke ɗauke da wasannin kuma da yawansu suna Turai, saboda haka tun kafin a zo maganar cikin gida akwai jinkirin da ba mu da iko a kansa. Wanda muke da iko a kansa shi ne na tsakanin rauta da ɗakin yaran, kuma kebul ne ke kawar da shi kusan baki ɗaya.

A gidanmu, ɗakin ƙanina, inda na'urar wasan take, yana kusa da zaure, tsakaninsa da falo akwai bangon bulo biyu da tankin ruwa na ƙarfe. Na kira wani matashi mai haɗa kyamarorin tsaro, domin su ne suka fi ƙwarewa a wannan aikin. Ya zura kebul ɗin intanet, nau'in da ake kira Cat6, a cikin siririn bututun roba, ya bi da shi ta jikin katanga a ƙarƙashin inuwar rufin kwano, ya huda ɗan rami a gefen taga ya shigar da shi ɗakin. Da ya matse kawunan biyu sai ya sa abin gwaji, muka tsaya muna kallon ƙananan fitilu suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, daga 1 har 8, babu wadda ta tsallake. Tun daga ranar ƙorafin cewa ɗan wasa ya daskare a tsakiyar fili ya ƙare, sai dai idan layin kamfanin ne da kansa ya yi rauni. Sabunta wasa, wanda kan kai gigabait 30 ko fiye, yanzu da dare ake barinsa, da asuba a tarar ya kammala. Daga baya na ɗora wata tsohuwar rauta a ƙarshen kebul ɗin, na'urar wasan ta karɓa daga gare ta, masu zama a zaure su ma suka samu waifai mai ƙarfi.

Kebul nau'in Cat5e da na Cat6 duka suna ɗaukar gigabit 1 a sakan har tsawon mita 100, ramin da ke bayan PlayStation 5 shi ma na gigabit 1 ne, kuma da wuya a samu gidan da nisan ɗaki da falo ya kai haka. Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne kebul ba ya shan wuta. Idan aka ɗauke wuta, muddin rauta da na'urar wasan suna kan inbata, babu wani abu na uku da za ka nema wa soket.

Ita kuwa na'urar ƙara zango, tawa tana cikin durowa. Ta isa a duba WhatsApp, iyakarta ke nan. Masu araha suna karɓar saƙo daga rauta su sake aika shi ta hanya guda, don haka gudun yakan ragu da kusan rabi, jinkiri kuma ya ƙaru. Dole ne a ajiye ta a tsakiya, inda sigina bai riga ya mutu ba, alhali a tsarin gidajenmu tsakiyar nan ita ce tsakar gida, inda babu soket sai rana da ruwa. Waifai kuma a kan zango iri biyu yake tafiya, na gigahaz 5 da na 2.4. Na gigahaz 5 ya fi gudu amma ba ya iya ratsa bulo sosai, balle ginin ƙasa mai kauri irin na cikin birni, na 2.4 yana ratsawa, sai dai ya fi cunkoso.

Wataƙila wani ya ba ka shawarar na'urorin nan guda biyu masu bi da intanet ta cikin wayoyin lantarkin gida, waɗanda ake rubuta Powerline a kwalinsu. Suna aiki ne idan soket biyun suna kan layi ɗaya mai tsabta. Idan falo yana kan inbata ɗakin yara kuma ba ya kai, ko ana juya gidan tsakanin janareta da wutar gari, ko injin jan ruwa da firiza suna tashi a kan layin, za ka sha wahala. Ban ga dalilin da za ka yi cacar kuɗinka a kansu ba.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja hankalinka game da sayen kebul ɗin kansa, domin a nan ne ake cutar mutane. Ko Sabon Gari ka je ko shagunan wajen PZ, akwai masu gaskiya da yawa, akwai kuma waɗanda za su miƙo maka kebul mai rubutun Cat6 a jikinsa alhali cikinsa alminiyum ne aka shafa wa jan ƙarfe. Irin wannan yana karyewa da wuri, musamman a wajen kawuna, kuma ba ya riƙe gudu idan ya yi tsawo. Kafin a yanka maka, ka ce a fere ɗan guntu, ka kankare waya ɗaya da reza. Idan ka ga fari a ƙarƙashin jan, ka ajiye musu kayansu. Ka kuma ƙirga wayoyin da ke ciki, su zama 8, domin akwai masu 4 kacal, waɗanda ba sa wuce megabit 100. Haka nan kada lambar 1200 da ke jikin kwalin na'urar ƙara zango ta ruɗe ka, gudun zango biyun ne aka haɗa, megabit 300 da 867, aka ɗan cike lissafin, kuma na'urar wasa ɗaya daga ciki kawai take hawa a lokaci guda. Duk wanda ya ƙi yarda a gwada kaya a gabanka, ka wuce shago na gaba.

Wajen aikin, ka auna hanyar da igiya, kana bin kowace kwana, sannan ka ƙara mita 5 a kai. Ɓangaren da zai bi waje ya zama baƙin kebul na waje ko kuma a sa shi cikin bututu, saboda zafin Maris da Afrilu yana busar da robar na cikin ɗaki har ta tsage, ɓera ma ba ya ƙyale shi. Kada a haɗa shi bututu ɗaya da wayar lantarki. Idan damina ta kankama aka fara tsawa, a zare kansa daga bayan na'urar wasan da kuma rautar, domin dogon kebul da ya ratsa waje yana iya jawo lahani.

Bayan an jona, ka sa yaran su shiga saitin intanet na PlayStation ɗin su zaɓi haɗi ta kebul, su kuma yi gwajin layi da ke wurin tun mai aikin bai tafi ba, sannan ka biya shi.