Sharhi: Zabbix da aikin gano abin da ya saɓa wa al'ada

Zabbix manhaja ce ta sa ido kan sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, da na'urorin netwok, kuma kyauta ce ga duk mai son saukewa. Alexei Vladishev ne ya fara fitar da ita a 2001, kamfanin da ke kula da ita kuma yana Riga a ƙasar Latbiya. Da ita muke aiki a ɗan kamfaninmu da ke raba intanet ga ofisoshi da shaguna a Kano. Ba dukanta zan yi sharhi a kai ba, domin faɗi gare ta. Ɓangaren da ya zo da siga ta 6.0 a watan Fabrairun 2022 nake nufi, wanda ke duba tarihin na'ura ya ce maka halin da take ciki yau bai yi kama da yadda ta saba ba.

Kafin wannan, iyaka muke sa wa komai. Idan faifai ya cika kashi 90 cikin ɗari, a faɗakar da mu. Idan na'ura ta daina amsawa, a faɗakar da mu. Wannan yana kama lalacewar da ke zuwa da hayaniya, amma akwai wadda ke zuwa salin alin. A ce layin da ke ciyar da wata unguwa ya saba ɗaukar kashi 70 na ƙarfinsa da hantsin Litinin, yau sai ga shi a kashi 30. Babu iyakar da aka ƙetare, allo kore shar, alhali rabin mutanen unguwar ba sa samun komai. Sai waya ta yi ƙara: "Malam, yau netwok ɗinku lafiya kuwa?" Mai sayen kayanka shi ya zama ƙararrawarka, kuma babu abin kunya a wannan sana'a kamar haka.

Wannan giɓin ne baselinedev, ɗaya daga dabarun lissafin da suka zo da sigar, ke cikewa. Za ka ce mata ta ɗauki awar da ta wuce, ta gwada ta da irin wannan awa a kwanaki ko makonnin baya, gwargwadon adadin da ka zaɓa. Sai ta ba ka lamba mai nuna nisan da yau ta yi daga matsakaicin da aka saba, bisa la'akari da yadda abin ke hawa da sauka dama can. Kai ne za ka yanke ko nisa uku ne ya isa a tashe ka daga barci ko huɗu. 'Yar'uwarta baselinewma tana lissafa abin da ya kamata a gani ne, tana ba makonnin kusa nauyi fiye da na nesa.

Zaɓin kwana ko mako ba ƙaramin abu ba ne a nan. Ranar Juma'a, daga wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi, shaguna na rufe, ofisoshi wayam, zirga-zirgar data ta faɗi warwas. Idan da kwanakin baya kake gwadawa, duk Juma'a sai manhajar ta ɗauka gari ya ƙone. Idan ka ce ta gwada Juma'a da Juma'a, sai ta yi shiru yadda ya kamata, kuma ranar da layi ya faɗi da ƙarfe ɗayan Talata za ta yi magana. Tun da muka koma gwajin mako-mako ta kama mana irin lalacewar nan ta ɓoye tun kafin kowa ya kira, ciki har da eriyar da iskar farkon damina ta ɗan juya wa fuska, tana aiki amma rabi-rabi. A wannan kaɗai ta biya wahalar saita ta.

Akwai kuma trendstl, wadda ke rarraba bayanai gida uku: alkiblar da abin ya dosa a hankali, abin da ke maimaita kansa, da ragowar da ba ta shiga ko ɗaya ba. A cikin ragowar take neman baƙon abu, ta ba ka lamba tsakanin 0 da 1 mai nuna yawan abin da ta samu. Dabarar tsohuwa ce a ilimin ƙididdiga, tun 1990 aka wallafa ta. Tana da kyau ga layin da masu amfani da shi ke ƙaruwa wata-wata, amma saitinta ya fi yawa, ni kuma ban cika komawa gare ta ba.

Inda magana take shi ne azumi. Ma'aunan da manhajar ta sani su ne awa, kwana, mako, wata da shekara, duk na kalandar Miladiyya. Ramadan kuwa yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara: a Najeriya an ɗauki azumin 2024 ranar 11 ga Maris, na 2025 kuma ranar 1 ga Maris. Saboda haka gwada bana da bara ba ya fisshe ka. Kuma da azumi ya kama, rayuwar gari ce ke juyewa gaba ɗaya. Ƙarfe huɗu na asuba, lokacin da layuka suka saba kwanciya, sai ka ga sun farka saboda sahur. Ana shan ruwa komai ya tsaya cak. Bayan asham mutane su koma waya har tsakar dare, ga masu bin tafsiri kai tsaye. A makon farko manhajar tana ganin duk wannan a matsayin baƙon abu, kuma da gaskiyarta, domin makonnin da take gwadawa da su na Sha'aban ne. Zuwa tsakiyar wata ta fara sabawa. Tana gama sabawa sai ga Sallah, gari ya koma yadda yake, ita kuma ta sake rikicewa. Kamar sabon maigadi ne da ya haddace lokutan shiga da fitar mutanen gida, amma ba wanda ya gaya masa an ga wata.

Maganin da muka samu ba na fasaha ba ne sosai. Muna ajiye lambar nisan a wuri guda da duk ƙa'idojin faɗakarwar da muka rubuta ke karantawa, mu ɗaga ta a makon farko na azumi da makon Sallah, mu kuma rage matsayin faɗakarwar ta yadda za ta fito a allo ba tare da ta buga wayar kowa ba. Zabbix na da matakai shida na tsananin matsala, kuma a ganina irin wannan faɗakarwa ba ta cancanci manyan matakan ba sai ta haɗu da wata alama. Daren wasan zakarun Turai ma haka yake a unguwannin da gidajen kallo suka yi yawa, sai dai shi ba ya daɗewa.

Wani abin lura shi ne mummunan mako yana shiga tarihi ya zauna. Ranar 14 ga Maris 2024, azumi na 'yan kwanaki, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da Gana da Kwaddibuwa da wasu ƙasashen. Duk mai gwaji da makonni huɗu na baya, to wata guda zai yi yana gwada lafiyayyun kwanaki da marasa lafiya. Yawaita makonnin yana rage tasirin, amma yana sa manhajar jinkirin sabawa da sauyi na gaskiya. Dole ka zaɓi wanda za ka iya jurewa.

Kada kuma wani ya goge tsofaffin iyakokinsa. Waɗannan sababbin dabaru suna aiki ne da taƙaitaccen bayanin da Zabbix ke ajiyewa awa-awa, wato mafi ƙanƙanta da matsakaici da mafi girma, don haka sai awa ta cika suke da abin faɗi. Na'urar da ta mutu saboda wuta ta ɗauke kuma janareta bai tashi ba, nodata, wadda ke lura da na'urar da ta daina turo bayani, ita ce za ta gaya maka cikin mintuna. Ga mu masu fama da wuta, na fi yaba wa tsarin nan da ke ba ka damar cewa wannan na'ura ta dogara da waccan, ta yadda idan babbar eriya ta faɗi saƙo ɗaya zai zo a Telegram, ba na duk abin da ke bayanta ba. Haka ma timeleft, wadda ta girme su tun siga ta 3.0, mai hasashen saura kwana nawa faifai ya cika.

Manhajojin biya irin su Datadog sun fi sauƙin kunnawa, ka zaɓi ɗaya daga dabaru uku su zana maka zanen da ke nuna inda aka kauce. A Zabbix da hannunka za ka rubuta ƙa'idar, kuma sai ka zauna da littafin jagorarta na Turanci ka natsu. Amma waccan da dala ake biya duk wata bisa yawan na'urori, wannan kuwa kuɗin sabar da za ta zauna a kai ne kawai, ko bayan da siga ta 7.0 ta koma lasisin AGPL, wanda shi ma na manhajar kyauta ne, a 2024. Ga kamfanin da ke karɓar naira, wannan ya yanke hukunci. Wanda zai fara, ya bar ta ta tara bayanan aƙalla wata guda kafin ya kunna ƙa'idar farko, ya fara da manyan layuka biyu ko uku, kuma kada ranar farawar ta faɗo cikin Ramadan.