Jiyoloji, jiyofiziks ko injiniyan ma'adinai, wanne za ka cike?

Yawancin masu cike jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ƙasa, kamfanin mai suke hange, kuma ba ƙarya akwai kuɗi a can, amma fa ka tambayi waɗanda suka gama a 2015 ka sha labari. Gangar mai da take sama da dala 100 a tsakiyar 2014 ta rikito ƙasa da dala 30 farkon 2016, kamfanoni suka dinga sallamar ma'aikata balle su ɗauki sabon yaro. Ko ka samu ma sau da yawa a bakin rijiyar mai za ka fara, awa 12 kana wanke ɓarɓashin dutsen da ke fitowa daga rami kana rubutawa.

Ita jiyoloji zalla karatun ƙafa ce da ido. Za ka sha rana da guduma da kamfas kana zana taswira, ka ɗiga asid a kan dutse in ya yi kumfa ka san akwai farar ƙasa a ciki, a lab kuma a fere dutse har kaurinsa ya koma milimita 0.03 ka leƙa ta maikuroskof, wallahi launukan kaɗai sun isa su sa ka so kwas ɗin. Sai dai haddar sunaye, ba a magana.

Jiyofiziks kuwa in kai da lissafi ba kwa ga maciji to kar ma ka fara, fiziks ne da kwamfuta, ana tura wuta ko girgiza cikin ƙasa a karanta abin da ya dawo. Injiniyan ma'adinai shi aikinsa yadda za a haƙo abin ne, ba nemo shi ba, kuma yanzu da batir ya sa ake rububin litiyam da kobalt kasuwar injiniyoyin ta buɗe.

Ni dai da za a bi tawa, jiyoloji zan ce, sannan a mastas ka karkata ɓangaren ruwan ƙarƙashin ƙasa ko gwajin ƙasa kafin a yi dam da titi. Albashin bai kai na mai ba amma bohol ba ruwansa da farashin ganga, kuma kana iya cin gashin kanka.

Kafin ka zaɓi jami'a ka tambayi ɗalibansu sau nawa suke fita fil, wato aikin duba duwatsu a fili, a shekara, maikuroskof nawa ne ke aiki ba na ado ba. Ka kuma sauke QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta, tun aji ɗaya, kyauta ne.