Daga Birnin Kebbi Zuwa Yamai a Motar Safa: Abin da Na Gani a Hanyar Gaya

Bayan ƙaramar Sallah, ɗaurin auren ɗan kawuna ya kai mu Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, mu huɗu: ni da mai ɗakina da ƙanwata da kuma Inna, wadda shekarunta sun haura 70 kuma ciwon gwiwa ya daɗe yana damunta. Saboda ita ne tun farko na ƙudurta ɗaukar shatar mota daga Birnin Kebbi har ƙofar gidan biki, domin a ganina tsohuwa ba ta cancanci hawa da sauka a tashoshi ba. Na yi magana da direbobi biyu. Na farkon ya ce iyakacinsa Kamba, ba ya tsallakawa. Na biyun ya yarda, amma da ya fara lissafa abin da zai hau kaina, wato takardar shigar da mota ta wucin gadi daga kwastan na Nijar, da inshorar da za a karɓa a can, da kuɗin harajin hanya, da man zuwa da dawowa, da ci da makwancinsa na kwana uku, sai na ga kuɗin ya ninka abin da na tanada. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, shi kansa ba shi da tabbacin wace takarda ce ke aiki tun da Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, ga shi ba ya jin Zabarmanci balle Faransanci. Idan aka tsare motar a wani shinge, mu ne za mu zauna a rana tare da ita.

Wannan ne ya sa muka raba tafiyar gida biyu. Daga Birnin Kebbi muka shiga motar haya ta Kalgo da Bunza zuwa Kamba, muka yi abin da ya kamata a ofishin shige da fice, sannan wata ƙaramar mota ta ƙarasa da mu Gaya. Iyakar a buɗe take tun watan Maris na 2024, bayan rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma da fasfo da katin rigakafin shawara a hannun kowannenmu ba mu daɗe a wurin ba. Daga Gaya ne aikin kamfanin safar ya fara, kuma shi nake son in auna a nan.

Tasharsu gida ce mai katanga da ƙofa, ba filin Allah ba irin wanda muka saba, inda 'yan kamasho ke fizgar jakar mutum tun kafin ya faɗi inda za shi. Akwai taga guda ta sayar da tikiti, ana karɓar katin shaida a rubuta sunan fasinja, a ba shi takarda mai ɗauke da rana da lokacin tashi. Da sefa ake biya, don haka wajibi ne mutum ya yi canji tun a Kamba ko a cikin Gaya. A nan ne baƙo ke ruɗewa, domin lissafin kuɗin Nijar da dala ake yinsa, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. Idan mai shayi ya ce dala ashirin, faran 100 yake nufi, jaka guda kuma faran 1,000 ce. Mai sayar da tikitin ya lura ina jinkiri, sai ya rubuta mini adadin a bayan takarda ba tare da nuna gajiya ba. Kuɗin kujerunmu huɗu, zuwa da dawowa, bai kai rabin abin da mai shatar ya nema ba.

Da yake motar da sassafe take tashi, a tashar muka kwana. Sun ware rumfar mata daban da ta maza, an shimfiɗa tabarmi, akwai masallaci da famfon alwala. Wani yaron mota da ya ga Inna tana dogara sanda ya rusuna ya gaishe ta, ya ce, "Inna, kada ki damu da layi, idan an fara kira ni zan zo in ɗauke ki." Ya kuwa cika alkawari, domin bayan sallar asuba shi ya riƙe mata hannu har kujera ta biyu daga gaba, inda za ta iya miƙe ƙafa. Jakunkunanmu da buhun shinkafar da muka riƙo wa dangi an manna musu lamba, aka ba ni rabin takardar, kuma a Yamai ba a saki ko ɗaya ba sai da na nuna ta. Wannan tsari na kaya shi ya fi burge ni a duk hidimarsu, domin duk wanda ya taɓa rasa jaka a tasha ya san darajarsa.

Tsakanin Gaya da Yamai akwai tafiyar kusan kilomita 300, wajen 150 zuwa Dosso, sauran kuma a kan babbar hanyar da ta bi ta Birnin Gawure. Kowa da kujerarsa, ba a cusa mutum huɗu a mazaunin uku ba, kuma direban bai yi gudun da zai sa fasinja salati ba. A shingayen jami'an tsaro ne na ga ainihin amfanin zaɓin da muka yi. Ana sauko da fasinjoji a duba katin kowa, yaron mota kuma ya wuce da takardun mota da jerin sunaye, ya gama da su cikin harshen da suke ji. Ni abin da ke kaina kawai fasfo huɗu ne. Sau biyu jami'i ya leƙo ya ga Inna, ya ce ta yi zamanta, aka duba nata a inda take. Hausa ma ta wadatar da mu a yawancin wuraren, ko da yake daga Dosso zuwa gaba Zabarmanci ya fi yawa a bakin mutane.

Bayan Dosso, layin dogon da aka shimfiɗa zuwa Yamai yana tafiya kusa da titi, babu jirgi a kansa. A yankin Kure kuma, kimanin kilomita 60 kafin Yamai, inda ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke rayuwa, ƙanwata ta hango biyu suna cin ganye a nesa. Da a motar shata muke da mun tsaya, amma safa ba ta tsayawa don sha'awar mutum guda, kuma wannan shi ne farashin da ake biya bayan na tikiti: lokacinka ba a hannunka yake ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata a faɗe su. Makewayin tashar Gaya bai dace da kamfanin da ke kwanar da mata da tsofaffi ba, babu fitila kuma ruwa ya ƙare kafin asuba, sai da na sayi na leda muka yi amfani da shi. An karɓi ƙarin kuɗi a kan buhun shinkafa ba tare da rasit ba, kuma da na tambaya aka ce haka ake yi. A dawowa kuma na'urar sanyaya motar ta mutu jim kaɗan bayan mun bar Yamai, alhali tagogin irin waɗanda ba a buɗewa ne, ga zafin bazara. Muka yi ta yi wa Inna fifita da kwali har Dosso, inda aka tsaya aka gyara, kuma babu wanda ya ba fasinjoji haƙuri ko bayani. Tsayawar Dosson kanta gajeruwa ce, ba ta isar tsohuwa ta kama ruwa ta yi alwala cikin natsuwa, don haka mai tafiya da dattijo ya sanar da yaron mota tun da wuri.

Duk da haka, idan wata hidimar ta sake kai ni Yamai, safar zan sake shiga. Mai kai marar lafiyar da ba ya iya zama, ko ɗan kasuwar da zai ratsa ƙauyuka da dama, shata ta fi masa. Amma iyalin da za su tashi daga gari su sauka a gari, safa ta ɗauke musu nauyin takardun mota da cinikin hanya. Sai dai a shirya yadda za a tsallaka iyakar Kamba da rana, domin yanayin tsaron yankin bai bar tafiyar dare ba, a kuma sayi tikitin dawowa kwana guda kafin ranar tashi, a roƙi kujerar gaba tun a wurin sayen idan akwai tsoho a tafiyar.