Kayan wasannin makaranta: me za a saya, da kuɗin wa?

Idan kuɗin sayen kayan motsa jiki suka shigo hannun shugaban makaranta, ya fara da tambayar yara nawa kayan za su tayar tsaye a lokaci guda. Teburin ƙwallon tebur yana burge baƙi, amma mutum huɗu kawai yake ɗauka, sauran ajin kuwa sai kallo. Da kuɗin tebur guda za a iya sayen ƙwallaye da dama da igiyoyin tsallake, a ƙara da ragar ƙwallon raga wadda ke ɗaukar yara goma sha biyu. A ganina tebur ya jira tukuna.

Wajen zaɓen ƙwallon ƙafa ake yawan yin asara. Wajen girma, lamba 4 ce ta dace da 'yan firamare masu shekara 8 zuwa 12, lamba 5 ta manya ce, tana yi wa ƙananan ƙafafu nauyi. Sai a duba ɗinki. Ƙwallon da aka manne da gam tana da santsi da kyan gani, amma don filin ciyawa aka yi ta, kuma in ta fashe ta tafi ke nan. Mai ɗinkin hannu, irin wadda garin Sialkot na Pakistan ya shahara da ita, in zare ya tsinke shumeka zai iya gyara ta. Ga fili mai tsakuwa da ƙaya, fatar roba nau'in PVC ta fi ta nau'in PU juriya da araha, ko da yake ta fi tauri. A tambayi mai shago robar ciki ma: ta butyl ta fi ta latex riƙe iska. Kada a bar shagon ba tare da famfon iska da allurai ba, don allurar nan ba ta rabuwa da ɓata.

Turakun gola kuwa, a sayi bututun ƙarfe a kasuwar Ƙofar Ruwa in a Kano ake, mai walda ya haɗa, a kafe su da siminti. Turken da ba a kafe ba yana iya faɗo wa yaro.

To, kuɗin fa? Na iyayen yara kaɗan ne amma suna shigowa duk zango, saboda haka su suka dace da abin da ke ƙarewa, wato ƙwallo da raga da usur. Tsofaffin ɗalibai da attajiran unguwa sukan bayar sau ɗaya, kuma sun fi son abin da ido zai gani, sai a miƙa musu lissafin turaku da gyaran fili, a nuna musu rasit bayan an gama. Makarantar gwamnati tana iya rubuta buƙata ta hannun kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), wadda ke karɓar tallafi daga takwararta ta tarayya (UBEC), sai dai hanyar tana da tsawo. Kafin takarda ta dawo, langa da gudu ba sa bukatar ko kwabo.