Wata shida muna raba intanet ɗin tauraron ɗan'adam a gidanmu

Gidanmu gidan gandu ne, sassa huɗu, kuma a garinmu sai ka hau tudu kafin saƙon waya ya fita. Shi ya sa muka haɗa kuɗi muka sayi Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023. Muka ɗora faifan a rufin zaure, inda ba bishiyar da ta tare masa sama, muka haɗa shi da batirin sola.

Wajen sauri ba ni da ƙorafi. Taurarinsa suna shawagi ne a nisan kusan kilomita 550, ba kamar na da ba da ke can kilomita 35,786, shi ya sa idan kana magana muryarka ba ta makara.

Matsalar daga gare mu ta fito. Da an sallame Isha'i, wayoyi fiye da ashirin sun hau layi. Wannan na sauke fim, wancan na kallon ƙwallo, ita kuwa Hajiya tana riƙe da waya tana kiran ƙanena da ke Madina, hoto ya daskare, tana ta "kana jina?" Ranar abin ya taɓa min zuciya ƙwarai, don saboda ita muka fara wannan hidimar.

Sai na sayo ƙaramin akwatin raba intanet na MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya. Yana son wanda ya san kan aikinsa, don haka na kira wani yaro mai gyaran kwamfuta muka zauna wuni guda. Akwai tsari a cikinsa da ake kira PCQ, wanda ke raba abin da ya shigo daidai tsakanin wayoyin da ke aiki a lokacin. Idan mutum biyu ne kawai a farke, su more. Idan an yi yawa, kowa ya ɗauki rabonsa, ba mai danne wani. Muka kuma sa kiran murya da na bidiyo a gaban layi, muka ba kowane sashe lambar sirrinsa.

Yaran sun yi gunaguni kwana biyu, wai fim na daɗewa. Yanzu da asuba suke saukewa. Juma'ar da ta wuce Hajiya ta yi kusan awa guda tana hira da jikokinta, ba ta kira ni ko sau ɗaya ba.