Baifola da shaye-shaye a jikin mutum ɗaya: gidan mari, rihab ko asibitin ƙwaƙwalwa?

Tun da mutane suka san abin da ya faru da ƙanina, da wuya wata ya wuce wani bai ja ni gefe ba, a masallaci ko wajen ɗaurin aure, yana rage murya yana tambayata ina ya kamata su kai nasu yaron. Shi yasa nace bari kawai in zauna in rubuta abin da muka gani, don mu sai da muka zaga kusan ko'ina kafin muka gane inda matsalar take.

Yaron nan tramol da wiwi yake sha, kowa ya sani, sai muka haɗa kuɗi muka kai shi wani rihab mai zaman kansa, wato gidan raba mutum da shaye-shaye, ya yi wata uku, ya fito tas har da ƙiba, Hajiyarmu har sadaka ta yi. Ko wata bai cika ba ya daina barci, sai ya kwana yana zagaye tsakar gida yana surutu ba numfashi, ya sayar da babur ɗinsa ya rabar da kuɗin a majalisa, wai shi nan da sati biyu zai buɗe kamfani ya ɗauki duk unguwa aiki. Kowa yace ai ya koma ruwa. Aka yi gwajin fitsari babu komai a jikinsa. A nan ne likitan ƙwaƙwalwa ya zaunar da mu ya tambayi tarihinsa tun yana sakandare, yace wannan baifola ce, kuma ƙila ta riga ƙwayar zuwa.

Ga wanda bai sani ba, baifola ciwo ne na hawa da saukar yanayin mutum. In ta hau, sai ya yi sati ko fiye baya buƙatar barci, ga surutu, ga jin shi wani ne, ga ɓarnar kuɗi da saurin faɗa. In ta sauka sai baƙin ciki ya danne shi sati biyu ko ma watanni, ya kulle kansa a ɗaki, ko wanka ya gagare shi, wani har ya fara tunanin kashe kansa. Hukumar lafiya ta duniya tace a 2019 kusan mutum miliyan 40 ne ke da ita. Kuma haɗuwarta da shaye-shaye ba sabon abu bane, wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1990 ya nuna kusan 6 cikin 10 na masu nau'in da ya fi tsanani sun taɓa faɗawa giya ko ƙwaya. Dalilin ba boyayye bane: lokacin da ta sauka yana neman abin da zai ɗaga shi sai ya ɗauki tramol, lokacin da ta hau yana neman barci sai kodin ko Valium, ita kuma ƙwayar tana ƙara hura wutar ciwon. A Najeriya da binciken 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwaya, ka ƙiyasta nawa ne a cikinsu ake ta zagi da sunan ɗan ƙwaya alhali akwai ciwo a ƙarƙashi.

To abin da nake so ku riƙe kafin mu fara gwada wurare shine, duk inda zai magance ɗaya ya bar ɗaya, kuɗinku zai tafi ne kawai. Ka raba shi da ƙwaya ka bar baifola, ranar da ta motsa zai koma. Ka bashi maganin baifola ka bar shi da ƙwaya, maganin bazai zauna ba, shi ma bazai riƙa sha a kan lokaci ba. Da wannan ma'aunin zan auna kowanne.

Gidan mari shi ne ya fi kusa kuma ya fi araha, kuma na fahimci iyayen da suke kai 'ya'yansu, wallahi na fahimta, in yaro ya fara fasa kaya yana zare wa uwarsa ido babu tunanin da baya zuwa. Amma ku tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba 2019, ɗaruruwan mutane manya da yara wasu da sarƙa a ƙafa, jiki duk tabo, bayan nan aka sake samun irinsa a Daura. Mai baifola da ta hau masa, duka baya saukar da shi, sai dai ya ƙara masa rashin barci da tsoro. Sannan ga haɗarin da mutane basu sani ba, wanda jikinsa ya saba da Valium ko rochi ko giya in aka yanke masa lokaci ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga kamar farfaɗiya, har a rasa rai, dole a riƙa rage masa a hankali ƙarƙashin likita. Addu'a da ruƙiyya ba wanda ya hana, mu ma muna yi har gobe, amma a gida ko a gefen gadon asibiti, ba a madadin magani ba. Duk malamin da yace a ajiye maganin asibiti tukunna, ku gode masa ku tashi.

Rihab masu zaman kansu sun yi yawa yanzu, musamman Abuja, Kaduna da Kano, kuma sun bambanta sosai. Abin da suke da shi mai kyau shine tsafta, abinci, sirri, da raba yaro da abokan banza na wata biyu ko uku. Akwai masu likitan ƙwaƙwalwa na gaske da yake zuwa duba marasa lafiya duk sati, waɗannan in kuna da hali ba laifi. Amma akwai waɗanda gida ne kawai aka kama haya aka sa masu gadi da mai wa'azi, irin wanda muka fara kai namu kenan, wata uku ba wanda ya tambaye shi yadda barcinsa yake kafin ya fara sha. Kar fenti da na'urar sanyaya ɗaki su ruɗe ku. Ku tambaya kai tsaye: wanene likitan ƙwaƙwalwarku, sau nawa yake zuwa, zamu iya ganinsa kafin mu biya? In aka fara kame-kame ana ce muku ai muna da nas, ku riƙe kuɗinku. Ku kuma tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da magani da gwajin jini, don nan ne lissafi yake ninkawa daga baya.

Hukumar NDLEA tana da cibiyoyin ba da shawara da gyaran hali a jihohi, sun fi na kuɗi sauƙi, kuma ba kamawa ake ba in ka kai ɗanka da kanka. Ga wanda shaye-shaye ne kaɗai damuwarsa zasu iya taimakawa. Ga mai baifola kuwa, sai dai a haɗa da asibiti.

Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati shi ne mutane suka fi gudu saboda suna, da ka ce Dawanau ko Barnawa ko Kware sai fuska ta canza, wai kar a ce gidan su wane akwai mahaukaci, 'yan matan gidan su rasa miji. Ni kuwa in za a bi ta tawa nan ne farkon zuwa. Akwai na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga Dawanau a Kano, ga sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A irin wuraren nan ne zaka samu likitan da ya karanci ciwon, da masanin halayyar ɗan adam da zai zauna da yaron su yi magana, da ɗakin gwajin jini, duk a waje ɗaya, kuma tawaga ɗaya ce ke duba baifolar da shaye-shayen tare. Gaskiya akwai layi, akwai jira, likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci a ƙasar nan baki ɗaya, sai ka yi sammako. Amma jiran yini ɗaya ya fi biyan wata uku a inda ba a san ciwon ba. Kuma tun Janairu 2023 da Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, mara lafiya yana da haƙƙin a kula da shi cikin mutunci, kuna da bakin magana in kun ga ba daidai ba.

Sai batun a kwantar ko a riƙa zuwa daga gida. In ya kwana uku baya barci, ko yana barazana, ko ya ambaci mutuwa ko da sau ɗaya, ko ƙwayar da yake sha irin mai haɗarin yankewa ce, a kwantar kawai, kar a tsaya shawara da dangi. Kwanciyar tana da wani amfani kuma, likita yana samun damar ganin ko alamun zasu tafi bayan ƙwayar ta fita daga jiki, don wiwi mai ƙarfi da ais, ƙwayar nan mai kama da ƙanƙara, su ma suna kawo abu mai kama da baifola, in aka yi kamar wata ɗaya babu sha kuma abin na nan to ciwon ne da kansa. In kuwa yana cikin hayyacinsa, ya yarda da magani, kuma akwai tsayayye a gida da zai riƙe maganin a hannunsa, zuwa daga gida ya fi sauƙin kuɗi kuma baya yanke masa karatu ko sana'a.

Magani likita ne zai zaɓa, amma ku shiga da saninku don ku iya tambaya. Litiyam tsohon magani ne mai ƙarfi, yana rage dawowar ciwon har da haɗarin kashe kai, sai dai yana son gwajin jini akai-akai da duba ƙoda da maƙoshi, kuma in ruwan jiki ya ƙafe yana taruwa ya zama guba, ka duba zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ga kuma azumi, dole a yi maganar nan da likita kafin Ramadan. Mai shansa kar ya sayi ibufurofen ko diklofenak a kemis, suna ɗaga shi a jini. Ga yaron da bai gama barin sha ba kuma baya zuwa asibiti a kan lokaci, likitoci sukan yi taka-tsantsan da shi. Epilim ana yawan bayarwa, amma yana taɓa hanta, kuma ga mace mai shekarun haihuwa haɗari ne babba, wajen 1 cikin 10 na jariran da aka yi cikinsu ana shansa suna zuwa da nakasa, don Allah in 'yarku ce ko matarka ku faɗa wa likita zancen aure da haihuwa tun farko. Tegretol kuma yana rage ƙarfin ƙwayar tsarin iyali. Olanzafin yana saukar da mutum da sauri ya kawo barci, amma yana sa ƙiba da ci, a riƙa auna suga. Wanda kullum faɗa ake kafin ya haɗiyi ƙwaya, ku tambayi allurar da ake yi duk sati biyu zuwa huɗu, ita ce ta kawo mana zaman lafiya a gidanmu. Abin lura a nan, wasu alluran suna sa jiki ya sandare sai a haɗa da Exol, shi kuma Exol kun san yadda matasa ke shansa, to kar a miƙa masa katin gaba ɗaya.

Abu biyu da zan roƙe ku. Kar ku bari mai kemis ya bashi maganin baƙin ciki irin amitiriftilin shi kaɗai don kun ga ya yi shiru ya daina cin abinci, ga mai baifola yana iya harba shi sama cikin kwanaki. Tramol ma haka yake yi, bayan jijjigar da yake kawowa. Na biyu, kar a ɓoye wa likita komai saboda kunya, ku faɗi me yake sha, guda nawa a rana, yaushe ya sha na ƙarshe, ko akwai wani a dangi da ya taɓa irin wannan.

Kafin a sallame shi, ko daga ina ne, ku tabbatar an rubuta muku ranar dawowa, an faɗa muku wa zaku kira in abu ya taso cikin dare, kuma an zauna da ku 'yan gida an koya muku alamun farko. Namu dai barci ne, da Hajiya ta ga ya kai ƙarfe biyu na dare yana danna waya kwana biyu a jere zata kira ni, washegari mu tafi asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba. Maganinsa yana cikin durowarta da makulli, ita take bashi bayan sallar isha'i ta tsaya har ya haɗiye.